Lissafin bobin na rediyo: ina yake daidai, ina yake kuskure?

Duk wanda ya taɓa buɗe akwatin rediyo ya ga wata ƴar wayar jan ƙarfe da aka naɗe zagaye huɗu ko biyar, babu komi a cikinta sai iska. Ita ce masu gyara ke kira bobin. Ita da kondansater ke zaɓo tashar da za a kama. Ƙarfinta, wanda ake kira andiktans, ana auna shi da mikrohenri.

Lissafin farko da ake koya wa ɗalibai yana ɗaukar cewa bobin ɗin dogo ne ƙwarai. Ga gajere kuwa, yana ba da adadin da ya zarce na gaskiya. A 1909 masanin Japan Hantaro Nagaoka ya fitar da lambar gyara: idan tsawon bobin ya yi daidai da faɗinsa, sai a ninka sakamakon da kusan 0,69. Wanda ya manta da wannan ya yi ƙarin kusan kashi 45 cikin 100.

A 1928 injiniyan Amurka Harold Wheeler ya kawo hanya mai sauƙi. A ninka rabin faɗi da yawan zagaye, a ninka abin da aka samu da kansa, sannan a raba da jimillar rabin faɗi sau 22,9 da tsawo sau 25,4, duka a santimita. Muddin tsawon ya wuce kashi 80 cikin 100 na rabin faɗi, kuskuren bai kai kashi 1 cikin 100 ba.

Misali: zagaye 5, rabin faɗi santimita 0,4, tsawo santimita 1. Wheeler ya ba da mikrohenri 0,116, lissafin farko kuwa 0,158.

Sai dai a kan teburin mai gyara, akwai abubuwan da lissafi bai gani. Kaurin waya da tazarar zagaye suna canza sakamako. Kowane santimita na ƙafar wayar yana ƙara kusan mikrohenri 0,01. Ƙarfen da ke kusa shi ma yana taɓa shi.

Abin ba wasa ba ne. Kuskuren kashi 10 a bobin yana kawar da mita da kusan kashi 5. A zangon FM, daga megahaz 87,5 zuwa 108, wannan ya kai megahaz 5: mai neman tasharsa sai ya faɗa wata dabam.

Shi ya sa ƙwararru ke farawa da lissafi, su ƙarasa da awo da kunne. Matse zagayen yana ƙara ƙarfi, mita ta sauka. Buɗe su yana rage shi, mita ta hau. In an dace, sai a ɗiga kaki don kada ya motsa. Saboda haka, in kun ga kaki a kan bobin, kada ku kankare shi: ba datti ba ne.