FASHIN BAƘI: Yadda jarrabawa ɗaya ke raba guraben fitattun makarantun sakandaren New York

A shekarar 2019, makarantar Stuyvesant da ke birnin New York a Amurka ta bayar da gurbin karatu ga ɗalibai 895. Bakwai ne kacal baƙaƙen fata a cikinsu. A 2023 ma bakwai ɗin ne aka ɗauka, cikin 762. Duk shekara idan aka fitar da waɗannan alƙaluma sai muhawara ta sake kunno kai, domin makarantar ta gwamnati ce, kyauta ake karatu a cikinta, kuma da harajin kowa ake tafiyar da ita.

Yadda tsarin yake

Hukumar ilimi ta birnin New York ita ce mafi girma a Amurka, tana kula da makarantun sakandare sama da 400. Tara daga ciki ne ake kira makarantu na musamman. Ɗaya, wato LaGuardia, tana tantance ɗalibai ta hanyar gwada basirarsu a kiɗa, rawa, zane ko wasan kwaikwayo. Sauran takwas ba sa duban komai sai makin jarrabawar SHSAT, wadda yara ke rubutawa a aji na takwas, kan Turanci da lissafi. Ba a la'akari da sakamakon aji, ko shaidar malamai, ko halin gidan da yaro ya fito.

Dubban iyaye na kwaɗayin waɗannan makarantu ne saboda sunan da suka yi. Bronx Science kaɗai ta yaye mutum tara da suka samu lambar yabo ta Nobel. Ɗalibai fiye da 25,000 ke zama jarrabawar a shekara, amma waɗanda ake ɗauka ba su kai kashi ɗaya cikin biyar ba.

Abin da alƙaluma suka nuna

Baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka su ne kusan kashi biyu cikin uku na ɗaliban birnin, amma kimanin kashi 10 cikin 100 na guraben kawai suke samu. 'Yan asalin Asiya kuwa, waɗanda ba su kai kashi 20 cikin 100 na ɗaliban ba, suna samun fiye da rabi. Lamarin ya shafi 'ya'yan baƙin Afirka ta Yamma da ke zaune a Bronx da Harlem, ciki har da Hausawan Ghana da Nijar, tunda a rukunin baƙaƙen fata ake lissafa su.

Da ba haka abin yake ba. A shekarun 1980, baƙaƙen fata da 'yan Latin Amurka sun kai rabin ɗaliban Brooklyn Tech ko fiye. Daga baya azuzuwan yara masu hazaƙa suka ragu a unguwanninsu, cibiyoyin horar da yara cin jarrabawar suka yawaita, baƙi daga Asiya kuma suka ƙaru. Wani nazari da masu bincike na Jami'ar New York suka fitar a 2015 ya gano cewa fiye da rabin waɗanda ake ɗauka sun fito ne daga kashi 5 cikin 100 kacal na ƙananan makarantun sakandaren birnin. Ke nan tazarar tana somawa ne tun kafin ranar jarrabawa.

Me ya hana a sauya?

Dokar jiha ce ta ɗaure tsarin. A 1971 majalisar dokokin jihar New York ta kafa dokar Hecht-Calandra, wadda ta wajabta ɗaukar ɗalibai ta jarrabawa a Stuyvesant da Bronx Science da Brooklyn Tech. Magajin gari ba shi da ikon soke ta shi kaɗai.

A 2018 Magajin Gari Bill de Blasio ya nemi a janye jarrabawar, a riƙa ɗaukar kashi 7 cikin 100 na waɗanda suka fi ƙwazo a kowace ƙaramar sakandare. Iyaye 'yan Asiya da dama suka yi tsayin daka, suna cewa da yawansu talakawa ne, kuma jarrabawar ce kaɗai ƙofar da sanayya ba ta buɗewa. Ƙudirin bai tsallake majalisa ba. Abin da gwamnatin birnin ta iya shi ne faɗaɗa shirin Discovery, wanda ya ware kashi 20 cikin 100 na guraben ga yaran marasa galihu da saura ƙiris su kai makin da ake buƙata. Wasu iyaye suka kai shi kotu.

Makaranta ce ke yin ɗalibi?

A 2014 masana tattalin arziki Atila Abdulkadiroğlu da Joshua Angrist da Parag Pathak suka kwatanta yaran da suka tsallake makin shiga da ƙyar da waɗanda suka faɗi da ƙyar a New York da Boston. Ba su ga wani bambanci na a-zo-a-gani a sakamakon jarrabawoyinsu na gaba ba. Ma'ana, yawancin ɗaukakar waɗannan makarantu daga ɗaliban da suka zaɓa take, waɗanda da ma sun shigo da ƙwazonsu.

Wannan ne ya sa teburin jera makarantu bisa sakamako ke iya yaudarar iyaye: yana nuna irin yaran da suka shiga, ba lallai ya nuna abin da makaranta ta ƙara musu ba. Kuma ko da an warware rikicin makarantu takwas, mafi yawan yaran birnin a sauran ɗaruruwan makarantun za su ci gaba da karatu.