Manyan motoci masu iskar gas da lantarki: wane ilimi ’ya’yanmu ke buƙata?



’Yan’uwa, gidaje da dama a Ladjifarani da Zongo da Djougou abincinsu yana rataye ne da manyan motocin da ke ɗauko kaya daga tashar ruwa ta Kwatano zuwa arewa: direbobi, yaran mota, makanikai da masu walda. Kusan duk motocin nan gazuwal suke sha, kuma aikin da muke koya wa ’ya’yanmu a gareji ke nan. Amma sana’ar ta soma canjawa.

A ranar 29 ga Mayu 2023 Najeriya ta cire tallafin fetur, kowa kuma ya ga yadda kuɗin kpayo ya tashi a bakin hanyoyinmu. A shekarar ce gwamnatin Najeriya ta fito da shirin mayar da motoci su riƙa amfani da iskar gas ta CNG. A 2025 matatar man Dangote ta sanar da tankoki 4,000 masu aiki da wannan iska. A nan Benin kuma baburan lantarki na Spiro sun riga sun hau titi. Abin da ya zo wa maƙwabci, gobe yana ƙofarmu.

Mene ne bambancin? Injin gazuwal ba shi da fulogi, matsi ne ke kunna man. Wanda ke aiki da CNG zalla sai da fulogi da na’urar da ke auna iskar. Tukunyarsa kuwa tana riƙe matsi kusan ninki 200 na iskar da ke kewaye da mu, don haka ba a yi mata walda, ba a musanya ta da tukunyar gas ɗin girki. Motar da ta haɗa inji da lantarki kuma, batirinta na kai ɗaruruwan bolt, alhali na babbar motar da muka saba bolt 24 ne. Wayoyi masu launin ruwan goro alamar haɗari ce: mai taɓa su ba tare da ya kashe wutar ba yana iya rasa ransa.

A shari’a motar mutane amana ce. Wanda ya karɓi aikin da bai iya ba, ya jawo asara ko mutuwa, yana da alhaki a gaban Allah. Annabi Dawud (AS) ƙarfe ya sarrafa, da guminsa ya ci.

Saboda haka muna kira ga iyaye: kada shiga gareji ya raba yaro da Faransanci da lissafi, domin yanzu kwamfuta ce ke nuna ciwon mota. Masu gareji su bar yaransu su je darasin takardar CQP, wadda ke haɗa aiki da aji, su kuma koyi lantarkin mota. Kwamitocin masallatai su ware wani abu daga sadaka don biya wa marayu kuɗin horo.

Allah ya sa albarka a sana’o’inmu, amin.