Matar Matuƙin Jirgi: Ta Bi Shi Ko Ta Zauna Gida?

A ƙasar Zuru ba baƙon abu ba ne miji ya yi nisa da iyalinsa. Mun saba da aikin soja: maigida yana bariki a Kaduna ko Maiduguri, uwargida tana Dabai da yara, sai an ba shi fas ya leƙo. Shi ya sa idan yaro ya gama kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ya sami aiki ya yi aure, iyaye kan ce amarya ta zauna a gida, ai mai jirgi ba ya rasa hanyar zuwa.

'Yan uwana mata, wannan lissafin da gyara. Kamfanonin jirage suna ajiye matuƙansu ne a manyan birane irin Legas, Abuja da Kano, inda Max Air take da hedikwata. Zuru kuwa jirgin fasinja ba ya sauka. Wanda ya sami hutun kwana uku, ɗaya zai tafi a mota ta hanyar Kontagora, ɗaya a komawa. Ranar da ta rage ta gaisuwar dangi ce da ta'aziyya. Uwargida ta sami me? Shi kuma ya koma bakin aiki a gajiye, ga rayukan mutane a hannunsa.

Gajiyar nan ba abin wasa ba ce. Ranar 12 ga Fabrairu, 2009, wani jirgin kamfanin Colgan Air ya faɗi kusa da garin Bafalo a Amurka, mutum 50 suka rasu. Mataimakiyar matuƙin, 'yar shekara 24, tana zaune ne a wajen Siyatil, can ɗaya ƙarshen ƙasar, kuma cikin dare ta taso ta jiragen ɗaukar kaya don ta iso wurin aiki. Masu bincike sun ɗora laifin a kan kuskuren babban matuƙin, amma sun ce da alama gajiya ta taɓa aikin su biyun.

Akwai kuma haƙƙin aure. An ruwaito cewa Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, ya tambayi 'yarsa Hafsa iya tsawon haƙurin mace ba miji, sannan ya hana a riƙe mayaƙi fiye da wata shida. Wannan fa a jihadi ne, ba neman albashi ba.

Na san masu cewa hayar Abuja ta fi ƙarfin sabon ma'aikaci, ga tsohuwa a gida tana buƙatar mai kula da ita. Gaskiya ne. Amma kula da uwa wajibin ɗanta ne da 'yan uwansa, ba a jingine wa suruka shi don a huta. In hayar ce matsala, a nemi ɗaki biyu a Lugbe, kan hanyar filin jirgi, a bar Maitama tukuna. Dabai kuma a zo da yara lokacin dogon hutu da Sallah, su ji yaren kakanninsu.