'Yar Karas Ta Akwatin Kifinmu: A Dasa Ta Ko A Bar Ta Bisa Ruwa?

Duk wanda ya leƙo ajinmu bana ya ga akwatin gilashi a gefen taga, da ƙananan kifaye masu jela kala-kala da ake kira gofi. Amma tambayar da anka fi yi mana ta ciyawar ciki ce: "Yara, ganyen karas kunka zuba a ruwa?" Ba karas ba ne, ko da yake mu ma 'yar karas muke ce mata. Masu sayar da kifin ado suna kiranta wota sifirait, a littafin kimiyya kuwa Ceratopteris.

Ba ta fure. A gefen tsohon ganye za ka ga 'ya'ya sun tsiro, kowane da saiwarsa, in sun yi ƙwari su ɓalle su kama gabansu. Kuma tana rayuwa ko an dasa ta a yashi, ko an bar ta bisa ruwa. Mun gwada duka biyun.

Dasawa ta fi kyan gani, gaskiya, don ganyen yakan fito siri-siri ya miƙe tsaye. Saiwa kaɗai ake rufewa da yashi; in ka binne gindin da ganye ke fitowa, sai ta ruɓe. Mu dai namu da munka dasa rawaya sunka yi, saboda haske ba ya isa ƙasan akwatin sosai.

Wadda munka sake bisa ruwa, kamar kainuwa dashen Allah, ita ce ta ba mu mamaki. Tana kusa da haske, tana shan iska kai tsaye, sai ganyenta ya yi faɗi, ta yi ta yaɗuwa. Saiwarta na reto ƙasa kamar gemu, tana tsotse dattin da kashin kifi ke bari a ruwa, wanda in ya taru guba ne gare su. Ga wani amfanin kuma. Gofi ba ya ƙwai, haihuwa yake yi, kuma manyan na cinye jariran. Haihuwar farko kafin gari ya waye ko ɗaya ba mu samu ba. Yanzu cikin gemun nan suke ɓuya har su yi wayo.

Sai dai fa akwai inda ta kusa ja mana. Da rana ciyawa na ba ruwa iskar da kifi ke shaƙa, da dare kuwa ita ma shaƙa take yi. Wani mako munka yi sakaci ta rufe saman ruwan kaf, dumso ya zo cikin dare, injin kumfa ya tsaya. Da safe munka tarar da kifayen a sama suna haki, ɗaya ya mutu. Tun ranar, kowace Asabar muna rage ta, mu bar rabin saman a buɗe. A ranar muke canza kwatan ruwan, da ruwan pampo wanda ya kwana a bokiti, don maganin da ake sa masa na kashe kifi.

Abin da munka tsame ba mu zuba shi a gota. Ruwan gotar Nima Odaw yake bi ya faɗa Korle, kuma ciyawar ruwa in ta samu wuri ba ta jin bari. Bayan an gama madatsar Akosombo a 1965, wasu ciyayin ruwa sun yaɗu a tafkin Volta, dodon koɗin da ke ɗauke da cutar tsargiya ya samu mafaka cikinsu, cutar ta yawaita a ƙauyukan bakin ruwa. Shi ya sa Malam ya hana mu ɗebo ciyawa daga tafki ko rafi.

Tamu shanya ta muke yi ta bushe, ko mu kyautar. Mai so ya zo ran Asabar bayan karatu, da kwalbarsa mai faɗin baki.