Ko Ka Sani? Injin da Ke Tace Ƙwayar Mura da Ruwan Sukari

Ko ka san cewa injin da ake tace ƙwayar cutar mura da shi, kafin a mai da ita allurar rigakafi, asalinsa daga garin Oak Ridge ne na jihar Tennessee a Amurka, wato inda aka tace yuraniyam na bam ɗin da aka jefa wa Hiroshima a 1945? Lalle wannan al'amari ya cancanci tadabburi, domin hikimar da aka tara saboda halaka ita ce daga bisani aka juyar zuwa ga kare rayuka daga dangin cutar nan da ta yi wa kakanninmu ɓarna a annobar marisuwa ta 1918.

Ƙwayar ba ta hayayyafa sai cikin abu mai rai. A da cikin ƙwan kaji kaɗai ake rainonta, amma yanzu wasu masana'antu suna rainonta cikin manyan tankuna, a jikin ƙwayoyin halitta waɗanda wasu masana biyu, Madin da Darby, suka ciro daga ƙodar wata karya a Kalifoniya tun 1958, kuma har yau zuriyar ƙwayoyin halittar nan ba ta yanke ba. Abin da ke fitowa daga tankin ruwa ne gauraye da tarkace, alhali abin da ake nema a cikinsa faɗinsa kimanin kashi 1 cikin 10,000 na milimita ne kacal.

A nan ne ajabin yake. Cikin shekarun 1960, wani masani, Norman Anderson, tare da injiniyoyin Oak Ridge da suka ƙware a kan injinan juyi na tace yuraniyam, ya ƙera wata doguwar ganga ta ƙarfe wadda ke kewayawa kimanin sau 35,000 a minti guda, aka zuba mata ruwan sukari hawa-hawa, mai kauri a jikin bango, mai tsinkewa a wajen tsakiya, sa'an nan aka riƙa kwararo ruwan da ke ɗauke da ƙwayar ta cikinta ba tsayawa. Ƙarfin juyin yakan tura kowane abu zuwa bango, tamkar yadda mai wankin kuza a Jos ke juya ƙwarya har mai nauyi ya rabu da yashi. Sai dai ita ƙwayar, da zarar ta isa hawan da kaurinsa ya yi daidai da nauyinta, sai ta tsaya cak, ba gaba ba baya, 'yan'uwanta su yi ta taruwa a wurin, sauran ruwan kuwa ya wuce abinsa. Sukari fa, irin na shayi! Kuma abin da ya fi ƙayatar da ni shi ne, idan aka rage gudun sannu a hankali, hawan nan da ke tsaye sukan kwanta bisa juna ba tare da sun cuɗanya ba, a tsiyaye su ta ƙasa ɗaya bayan ɗaya.

Bayan da kamfanin Eli Lilly ya jarraba hanyar wajen 1967, zazzaɓi da kumburin da allurar kan jawo suka ragu ainun. Amma ga rigakafin da ake rainon ƙwayarsa a tanki, injin kaɗai bai wadatar ba: sai an kashe ƙwayar, an daddatsa sauran sinadarin gado na halittar da aka raine ta a ciki, an sake tacewa, har abin da ya rage daga gare shi ya kasa nanogiram 10 a allura guda, bisa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya.