Abubuwan ban mamaki a taƙaice: Zurma, 'yar juji mai man kwalliya

Jama'a, yau zurma ce a faifai, wadda wasu ke kira cika-gida. A Sahon Rami da sauran ƙauyukan yankin Kontagora, da damina ta sauka sai ka gan ta a kan juji da gindin katanga, da faffaɗan ganyenta mai yatsu. Ba ta jiran gayyata!

Ƙwayarta sulɓi gare ta, da zane-zane ruwan ƙasa, kai ka ce kaska ce ta sha jini ta ƙoshi. Idan 'ya'yan suka bushe a rana, ɓawon kan fashe ya cilla ƙwaya nesa da uwa. Da kanta take shuka!

Kusan rabin nauyin ƙwayar nan mai ne, mai kauri da danƙo, shi ya sa mata ke sirka shi da man kwakwa ko man kaɗe kafin a bi tsagar kitso da shi. Yana sa gashi laushi da sheƙi; a hunturu kuma a shafa wa diddige mai faso, a sa safa, a kwanta. Kaushi, sai wata shekara!

Hajiya, jan bakin da ke jakarki ma da wuya a rasa man zurma a cikinsa, don yana riƙe launi yana ƙara ƙyalli. Mafi yawan man daga Indiya yake fitowa, musamman jihar Gujarat, alhali tamu na nan ana sare ta da lauje. Arziki a ƙofar gida!

A Indiyar dai, akan kunna fitila da man, a tara baƙin hayaƙin a yi kwalli. Ido ya sha kyau!

An tarar da ƙwayoyinta a kaburburan Masar masu shekara kusan 6,000. Tsohuwar hannu ce!

Amma a kula da yara da awaki: ɗanyar ƙwayar na ɗauke da guba mai suna risin, kuma tauna 'yan kaɗan na iya kisa. Gubar a tunkuza take zama bayan an matse, man da aka tace ba ya ɗauke da ita. Wannan tunkuza ba ta ƙuli-ƙuli ba ce!

Duk da haka Inyamurai kan dafa ƙwayar ta daɗe a wuta, su naɗe ta a ganye ta ruɓa, ta zama ogiri, daddawar miyarsu. Sai dai ka ji ƙamshi daga maƙwabta!