Abubuwan da ya kamata ka sani game da masu dasa ciyawa a tafkin Konro

Duk wanda ya ga yadda kachala ta toshe hanyoyin ruwa tsakanin Hadeja da Nguru, ta hana masunta shiga da kwalekwale, zai yi mamaki in ya ji ana dasa ciyawa a cikin tafki da gangan. Amma aikin da wasu 'yan sa-kai suka ɗauka ke nan a tafkin Konro, arewa da birnin Hustan a jihar Tekzas ta Amurka.

Me ya faru da tafkin?

A 1973 aka kammala madatsar da ta samar da shi a kan kogin San Jasinto, faɗinsa kimanin eka 20,000. Ba a jima ba sai haidirila ta mamaye shi. Baƙuwar ciyawa ce daga Asiya, wadda ɗan guntunta kawai, in ya maƙale a injin jirgin ruwa, ya isa ya kafa sabuwar gona. Zuwa 1980 ta rufe kusan rabin ruwan.

Tsakanin 1981 da 1982 aka zuba kifin kaf mai cin ciyawa har 270,000. Cikin shekara biyu suka lashe komai ƙarƙaf, baƙuwa da 'yar gida. Garin neman gira aka rasa ido. Da haidirila ta dawo, aka sake zuba fiye da 100,000 tsakanin 2006 da 2008, wannan karon irin da ba ya hayayyafa, kuma mafi yawan ciyawar gida ta sake tafiya.

To, me ciyawar ke tsinanawa?

Nan ne a ganina aka fi yin kuskure, har a wajenmu, ana ɗaukar kowace ciyawar ruwa a matsayin matsala. Ciyawar gida ita ce ɗakin renon 'ya'yan kifi: a cikinta suke ɓuya daga manya, a jikin ganyenta suke tsintar ƙananan ƙwari. Saiwarta na riƙe laka, ta hana igiyar ruwa zaizaye gaɓa. Tana kuma shanye sinadaran takin da ruwan sama ke kwararowa da su. In babu ita, gansakuka ce ke cinye wannan abinci, ruwa ya yi kore ya gurɓace, haske ya kasa kaiwa ƙasa. Haka aka gani a Konro bayan sharar farko. Sannan fili in ya zama wayam, baƙuwar ce ke riga kowa dawowa.

Yaya ake dashen?

Masu kamun kifi da ƙugiya na ƙungiyar Seven Coves Bass Club ne suka shige gaba, tare da hukumar kula da gandun daji da namun dawa ta Tekzas da hukumar kogin San Jasinto. Suna renon tsiron ciyawar gida a tukwane cikin kwatamin ruwa a bakin tafki, sai ya yi ƙwari. Ranar gayya, mutum ya shiga ruwa iya gwiwa ko ƙugu, ya tona laka da hannu, ya zare tsiron daga tukunya da ƙasarsa, ya danna ya tattake. Daga nan a zagaye shi da keji na waya a kafa turaku, domin kifin kaf da kififiya na jira.

Ba tafkin duka ake dasawa ba, babu mai wannan ƙarfin. 'Yan wurare ake kafawa su zama uwar iri, su bazu da kansu. An fi dogara da wani tsiro mai kama da ƙaramin rimni da ke fitowa a gaɓa, don kaf bai cika son sa ba.

Ina wahalar take?

Ruwa in ya ja baya, kamar a farin 2011, dashe na iya bushewa a tudu. In ya cika ya shanye shi. Masu gidaje a bakin tafki kuma da yawansu ruwa fes suke so don wanka da tseren jirgi, masu ƙugiya na son ciyawa, kuma hukumomin ne ke sauraron ɓangarorin biyu.